Sharhi kan ajin koyon tatsuniya na manya: Asabar goma a kan tabarma

Kunyar da jikata ta ba ni a daren wata Juma'a da aka ɗauke wuta ita ce ta kai ni wannan aji, kuma tun da na kammala shi tsofaffin abokan aikina suke ta tambayata ko kuɗin da na biya ya yi rana, shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da na gani dalla-dalla. Yarinyar ba ta wuce shekara 6 ba. Cajin wayar uwarta ya ƙare, gida ya yi duhu, sai ta zo ta haye cinyata ta ce in yi mata tatsuniya. Na gyara murya na ce "Ga ta nan, ga ta nanku," ta yi shiru tana kallona domin ba ta san amsar ba, sai da na koya mata cewa "Ta zo mu ji ta" sannan na kama tatsuniyar Gizo da hankaki. Na kai Gizo har kan ɓauren da ke tsakiyar kogi, daga nan hanya ta ɓace mini ɓat, na rasa yadda ya sauko da kuma inda ya faɗa. Ta jira har ta gaji, sannan ta ce, "Tsoho, ashe kai ma ba ka iya ba," ta sauka ta tafi abinta. Shekara 35 na yi ina aikin gwamnati, na rubuta rahotannin da ban san adadinsu ba, na yi jawabi a gaban manyan mutane ba tare da muryata ta yi rawa ba, amma ga shi tatsuniyar da kakata take yi mana tana gyangyaɗi ta gagare ni.

Ajin na masu zaman kansu ne, ana yin sa a ɗakin karatu guda na wata makarantar firamare a cikin birnin Kano, duk ranar Asabar daga bayan sallar la'asar zuwa gab da magariba, har tsawon mako 10. Na biya naira 15,000, kuma an amince mini in biya kashi biyu. Mu 16 ne a rukunin da na shiga, mata 12 da maza 4, ƙaramar cikinmu malamar makarantar ƙananan yara ce da ta haura shekara 40, babbarmu kuwa tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce da ta wuce 70. Masu koyarwa biyu ne. Akwai wata dattijuwa, tsohuwar malamar firamare wadda ta tashi a hannun kakarta a ƙauye, kowa Malama yake ce mata, sai kuma wani matashi da ya karanta Hausa a jami'a, wanda shi ne mai karɓar kuɗi, mai ajiye rajista, kuma shi ke gabatar da ɓangaren nazari. Tun yanzu zan faɗa cewa darajar ajin kusan duk a wurin Malama take, kuma mafi yawan ƙorafina a kan tsarin da ke kewaye da ita ne.

A ranar farko na isa da littafin rubutu da biro biyu, kamar wanda zai halarci bita. Na tarar an tura bencina jikin bango, an shimfiɗa tabarmi, maza gefe mata gefe, an kuma turo tagogi har ɗakin ya yi dishi-dishi. Kafin a fara, wata Hajiya ta ɗaga hannu cikin raha ta tuna wa Malama abin da duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya sani, wato wanda ya yi tatsuniya da rana zai ɓata. Malama ta ce manya sun faɗi haka ne domin kada yara su bar aike da aikin gida su zauna sauraron Gizo, mu kuwa da muka yi ritaya babu wanda ya aike mu. Daga nan ba ta yi wata gabatarwa ba, ba ta tambayi sunayenmu ba, sai kawai ta miƙe ƙafa ta buɗe tatsuniyar Ta-kitse.

Na san wannan tatsuniya tun ina yaro, ko kuma in ce ina zaton na san ta: tsohuwa mai ƙosasshen sa, sarki ya sa a kama shi a yanka, ta roƙi kitsen, kitsen ya zama budurwa kyakkyawa, sarki ya aure ta bisa sharaɗin kada ta kusanci wuta, kishiyoyi suka tilasta mata girki bayan ya tafi yaƙi. A bakina wannan ba zai wuce minti 2 ba. Malama ta kwashe kusan rabin awa, kuma babu wanda ya motsa. Da ta kai inda magulmaci ya je fada, sai ta maƙale murya ta ce, "Sarki, sarki, kunnenka nawa?" ta yi shiru. Matan suka amsa baki ɗaya, "Biyu." Mu maza huɗu muka zauna kamar an dasa mu. Ta juyo ta dube mu ta ce, "Alhazai, ku ba ku da kunne ne?" Ta maimaita tambayar, kuma ba ta ci gaba da "Ƙara biyu ka sha labari" ba sai da ta ji muryoyinmu. A wurin narkewar Ta-kitse kuwa ba ta ɗaga murya ba ko kaɗan. Ta ɗaga tafin hannunta daidai kafaɗa, tana rera waƙar yarinyar a hankali, hannun yana sauka kaɗan-kaɗan, har ya taɓa tabarma daidai inda waƙar ta ƙare. Na waiwaya na ga tsohuwar ma'aikaciyar jinyar nan, wadda ta ga mutuwa iri-iri a asibiti, tana goge ido da gefen mayafi.

Da na zaro biro domin in rubuta abin da na ji, sai Malama ta ce, "Alhaji, mayar da shi aljihu, kakarka da biro ta koya maka?" Wannan doka ta hana rubutu a lokacin darasinta ta ba ni haushi a makonni biyun farko, domin ina ganin mantuwa ce ta kawo ni, kuma maganin mantuwa a wurin ma'aikaci shi ne takarda. Daga baya na gane tana da dabarar da ta fi takarda. Kowace tatsuniya, in ji ta, tafiya ce mai zango-zango, kuma mai yin ta zangunan kawai yake riƙewa a yatsunsa, abin da ke tsakaninsu kuwa a bakinsa yake ƙirƙirarsa duk daren da ya zauna. Ta sa na lissafa zangunan Gizo da hankaki a yatsu har bakwai: yunwa ta shigo gari, hankaki suna cin ɓaure daga tsakiyar kogi, Gizo ya shafa danƙo a mazaunansa ya je ɗibar wuta gidan hankaki, ya zauna a kan ɓauren da suka tsinko ya taso da shi, hankaki suka ara masa gashin fiffike, ya hau bishiya ya hana kowa tsinka, duk wanda aka nufa sai ya ce shi ya riga gani, suka ƙwace gashinsu suka bar shi, ya faɗa ruwa, ya iske gidan kada ya yi ƙaryar dangantaka har aka sauke shi a ɗakin ƙwai, ya cinye ƙwan ya yi dabarar tsira. Inda na maƙale a gaban jikata zango na biyar ne. Tun ranar da na ɗora shi a kan ɗan yatsana bai sake ɓace mini ba, kuma da wannan hanya na riƙe tatsuniyoyi 9 kafin a rufe ajin, ba tare da na rubuta ko layi ɗaya ba.

Sai dai riƙe labari shi ne mafi sauƙin abin da aka koya mana. Abin da ya fi ba ni wuya, kuma na lura ya fi ba sauran mazan wuya, shi ne murya. Gizo yana da tsamin baki, kowa ya san haka, ba ya iya furta "ra" da "sa" daidai, shi ya sa idan ya je gaban sarki sai ya ce "Yanka ya daɗe, shayki." Malama ta dage cewa wanda ya yi maganar Gizo da muryar kansa bai yi tatsuniya ba, rahoto ya karanta. A mako na uku ta sa kowannenmu ya tashi ya yi gaisuwar Gizo a fada, da durƙuso da komai. Na tashi da babbar riga da hula, mutumin da ƙananan ma'aikata suke miƙewa idan ya shigo ofis, na buɗe baki sai muryar darakta ta fito. Ta ce in sake. Na sake har sau huɗu, zufa tana keto mini, matan suna rufe baki da mayafi. A karo na biyar haushi ya sa na saki jiki na lanƙwashe harshe na zabga gaisuwar, ɗakin ya fashe da dariya, ita kuwa Malama ba ta yi dariya ba, ta ce, "Yauwa, yanzu Gizo ya iso, ɗazu Alhaji ne yake magana."

A nan na ga ainihin bambancin koyon wannan abu da girma da koyonsa da ƙuruciya. Ana cewa gemu ba ya hana ilimi, kuma gaskiya ne bai hana ni riƙe zango ba. Abin da gemu yake hanawa shi ne kukan kura, da gurnanin Dodo, da shagwaɓar 'yar mowa. Yaro ba shi da girman da zai zube, babba kuwa ya shekara 40 yana tara nasa, kuma al'adarmu ta ƙara wa namiji nauyi, domin tatsuniya tun asali aikin tsofaffin mata ne da amare a cikin ɗaki da dare, maza kuma suna zaure da labaran yaƙi da na fatauci da hikayoyin malamai. Malama ta fahimci wannan sarai. Ba ta taɓa yi mana lacca a kan kunya ba, amma ta tsara darasinta yadda kowa zai zubar da girmansa a gaban kowa tun da wuri, ta yadda daga mako na huɗu babu sauran wanda yake da abin karewa. Ɗaya daga cikinmu maza, tsohon ma'aikacin banki, bai jure ba. Bayan ranar gaisuwar Gizo bai sake dawowa ba, kuma ba a mayar masa da ko sisi ba, abin da ya kamata a bayyana wa mutum tun ranar rajista.

Waƙa ita ce ɓangaren da na fi jin an ba ni abin da ba zan samu a wani wuri ba. Yawancin manyan tatsuniyoyinmu suna da waƙa a tsakiya wadda ake maimaitawa a kowane zango, kuma ita ce take riƙe yara, domin da zarar sun ji ta sau biyu sai su karɓe amshi. A tatsuniyar Ruwan Bagaja, inda aka tura 'yar bora wanke kirgi a ruwa mai nisa saboda laifin da 'yar mowa ta yi, yarinyar tana tsayawa a bakin kowane kogi ta rera tambayarta ko shi ne ruwan da aka aiko ta. Malama ta nuna mana cewa ba a rera waƙar iri ɗaya sau biyu: a kogin farko da ƙarfi, a na gaba da gajiya, a na ƙarshe kamar mai shirin kuka, sannan idan 'yar mowa ta biyo sawu sai a rera ta da gatsali da sauri, yadda yaro zai gane halinta tun kafin ta yi wa cinya da kare rashin kunya. Wani abin mamaki shi ne kusan rabin ajin ba su san Ruwan Bagaja tatsuniya ce ba; sunan littafin Abubakar Imam na 1934 kawai suka sani, wanda labarinsa daban ne.

Ɓangaren matashin malamin yana zuwa ne a rabin awar ƙarshe, kuma ra'ayina a kansa ya rabu. Ya san aikinsa. Shi ya rarrabe mana tatsuniya da almara da hikaya da ƙissa da tarihi, waɗanda da duk nake haɗa su a kwando ɗaya. Daga bakinsa na ji cewa wani jami'in mulkin mallaka, Frank Edgar, ya buga tatsuniyoyi da labaran Hausa a juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, yawancinsu malamai ne suka rubuta da ajami a ƙasar Sakkwato, kuma a 1913 ɗin ne R. S. Rattray ya buga waɗanda wani Malam Shaihu ya rubuta masa a ƙasar da yanzu ake kira Gana, abin da ke nuna nisan da fatake suka kai Gizo. Ya kuma kawo mana littattafan Tatsuniyoyi da Wasanni na marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya, guda 6, waɗanda suka fito a farkon shekarun 1970, kuma da yawa daga cikinmu muka tuna da su daga makaranta. Wata rana ya karanta mana wata tsohuwar rubutacciyar tatsuniya, Malama ta karɓa ta yi ta da baki, muka ji tazarar da ke tsakaninsu: takarda ta adana kalmomin waƙar amma karin ya zube a hanya, ta adana abin da Gizo ya ce amma ba yadda ya ce ba. Wannan darasi ɗaya ya isa ya biya rabin awarsa na makonni da yawa.

Matsalar ita ce sau da yawa yakan manta da waɗanda ke gabansa. Yakan kawo takardu masu ɗauke da jigo da zubi da tsari da salo kamar mai shirya ɗalibai don jarrabawa, an kuma buga su da tawada mai dusashewa da ƙananan haruffa, a ɗakin da aka turo tagoginsa, ga mutanen da kusan duk sai da tabarau suke gani. A mako na shida ya cinye minti 50 yana bayanin ra'ayoyin masana a kan asalin tatsuniya, har aka kira magariba mutum biyar ba su sami damar gwada tasu ba. Wanda ya biya kuɗi domin ya iya yi wa jikansa tatsuniya ba ya bukatar wannan duka, kuma idan har za a yi, to a rage shi zuwa kwata, a mayar wa Malama sauran lokacin.

Wata muhawara da ta tashi ba shiri ta fi takardun nan amfani. Akwai wata baiwar Allah 'yar asalin Sakkwato a cikinmu, ranar da aka zo kanta sai ta ce a gidansu gatana ake cewa, ba tatsuniya ba, kuma da ta gama ta rufe da "Ƙungurus kan kusu." Wata Bakanuwa ta gyara mata cewa "Ƙurunƙus kan ɗan ɓera" ake faɗa. Malama ta tsayar da gyaran nan take, ta ce kusu da ɓera dabba ɗaya ce, kowa ya rufe da abin da kakarsa ta rufe da shi, sannan ta sa kowa ya faɗi yadda ake buɗewa da rufewa a garinsu. Muka ji masu amsawa da "Ta je ta dawo," muka ji masu ƙarawa da "Ba don Gizo ba da na yi ƙarya, da ma ƙaryar nake shara muku." Na yaba da wannan hali nata ƙwarai, domin aji irin wannan yana iya zama wurin da za a murƙushe kowa zuwa Hausar gari guda.

Inda na saɓa da masu shirya ajin baki ɗaya shi ne batun tace tatsuniya. A zangon ɗakin ƙwai, yadda Malama ta karɓa daga kakarta, Gizo yana gasa ƙwan kada ɗaya bayan ɗaya cikin dare, duk wanda ya fashe a wuta sai 'ya'yan kada su ce baƙo ya yi tusa, iyayensu kuma su tsawata musu kada su kunyata baƙo. Matashin malamin, da goyon bayan wasu daga cikin matan, ya nemi a cire wannan, a kuma riƙa rufe kowace tatsuniya da bayanin darasin da ke cikinta. Ban ƙi a sassauta abin da ya yi muni ba, domin akwai tsofaffin tatsuniyoyi masu yanka da ƙone-ƙone da ba zan yi wa 'yar shekara 6 ba. Amma wannan wurin shi ne inda yara suke birgima don dariya, kuma a cikinsa ne suke ganin yadda makirci yake fakewa a bayan kunyar baƙo, ba tare da an ce musu komai ba. Dogon wa'azi bayan ƙurunƙus kuwa yana mayar da tatsuniya darasin makaranta, alhali yaron da ya ji yadda 'yar mowa ta koma gida da kutare da makafi a kan jakuna ya riga ya gane sakamakon rashin ladabi. Malama ta yi shiru a wannan muhawara, wataƙila domin ba ita ke riƙe da rajista ba, amma da ta sake yin tatsuniyar ba ta cire komai ba.

Sauran ƙorafe-ƙorafen ƙanana ne, ko da yake sun taru. An buɗe mana zaure a WhatsApp domin a riƙa turo muryar Malama tana rera waƙoƙin, wanda shi ne abin da muka fi bukata a tsakiyar mako, amma sau uku kawai aka turo, an kuma ɗauka a wurin da ƙarar janareta ta danne rabin waƙar, sauran zauren kuwa gaisuwar Juma'a da tallan atamfa suka cika shi. Babu fanka mai aiki a ɗakin, ga tagogi a rufe. Zaman tabarma na kusan awa biyu ba ƙaramin aiki ba ne ga mai ciwon gwiwa, kuma sai a mako na huɗu aka kawo kujeru biyu bayan an yi ta roƙo. A ƙarshe aka ce mai son takardar shaida ya ƙara naira 2,000, abin da ba a ambata da farko ba. Ni dai ban karɓa ba, domin ban san ofishin da zan kai shaidar iya muryar Gizo ba.

Babban kuskuren tsarin shi ne jinkirta kawo yara. Sai a mako na takwas aka tara mana yara kusan 20 daga unguwar, kuma a ranar ne na gane cewa duk abin da muka yi a baya share fage ne. Manya suna yi wa juna kara; idan ka yi tatsuniya marar daɗi za su yi shiru har ka gama, su ce madalla. Yara ba su san wannan ba. Malama ta fara ɗumama su da kacici-kacici, ta ce "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya," suka yi ihu "Tsintsiya," ta ce "Baba na ɗaka, gemu na waje," wani ɗan ƙarami ya ce akuya, aka yi dariya, suka ba ta gari kafin ta ce wuta da hayaƙi. Sannan ta miƙa mini su. Na fara da kyau, amma a zango na uku na tsaya dogon bayanin yadda hankaki suka yi shawara a tsakaninsu, sai na ga wani yaro ya fara tsinke zaren tabarma, wata ta juya tana kallon ƙofa. Malama ta yi gyaran murya daga bayana ta ce a hankali, "Alhaji, tashi sama." Na watsar da bayanin na buɗe hannuwa na kaɗa su kamar fiffike, na yi ihun Gizo yana cewa shi ya riga gani, nan take idanu suka dawo kaina. Abin da na koya a wannan minti ɗaya game da saurin labari da karanta fuskar mai sauraro ya fi na makonni uku, kuma da an kawo yaran tun mako na uku, sannan a riƙa kawo su duk bayan mako biyu, da ajin ya ninka amfaninsa. Na faɗa wa masu shirya shi haka, sun ce za su duba.

Ga wanda yake tunanin shiga, shawarata ta danganta da abin da yake nema. Mai son nazarin adabin baka domin rubutu ko bincike ya nufi sassan Hausa na jami'o'i da kwalejojin ilimi, nan ba wurinsa ba ne. Wanda kuma yake da tsohuwa a gida mai iya tatsuniya har yanzu, to ya ajiye kuɗinsa ya sayi goro da turare ya je ya zauna a gabanta, domin abin da ake sayarwa a ajin nan shi ne abin da take da shi. Amma ga irina, wanda tsofaffinsa suka riga mu gidan gaskiya ya kuma rage da guntayen labarai marasa kai da ƙafa, naira 15,000 ba ta yi yawa ba a kan zama goma a gaban Malama, muddin ya tabbatar kafin ya biya cewa ita ce za ta koyar, ya tambayi sau nawa za a kawo yara, ya kuma tafi da matashin zama idan gwiwarsa tana damunsa.

Daren da na gwada a gida akwai wuta, sai da na kashe fitila da kaina na karɓe wayoyi. Jikokina uku suka zauna, na kai Gizo kan ɓaure, na sauko da shi ruwa, na shigar da shi ɗakin ƙwai, kuma a wurin fashewar ƙwan sai da uwarsu ta leƙo ta ga abin da ya sa suke ihu. Da na ce ƙurunƙus, mai shekara 6 ɗin nan ta dube ni ta ce muryar kadan ba ta yi ba, ta yi kama da ta Gizo, in sake daga wurin da ya faɗa ruwa. Ta yi gaskiya, domin a ajin ban taɓa gwada muryar kada ba, sai na sake daga zango na biyar.